Dorina Tana Jin Kiɗa: Jirgin Ruwa a Majigi, daga Ayoru zuwa Matan Fada

Ma'abota tuƙin jirgin ruwa na nishaɗi a Turai da Amurka suna da wata al'ada wadda ba sa gajiya da ita. Idan hunturu ya kankama, aka janye jirage zuwa tudu, sai su koma ga musayar sunayen finafinan teku da suka fi burge su. Sunayen da ke fitowa kusan ɗaya ne a kullum. Akwai Mutiny on the Bounty na 1935, wanda ya ba da labarin tawayen da ma'aikatan wani jirgin Ingila suka yi wa kyaftin ɗinsu a 1789. Akwai Kon-Tiki na 1950, da Master and Commander na 2003, da kuma All Is Lost na 2013, inda Robert Redford ya fito shi kaɗai tilo, a matsayin dattijon da jirginsa ya huje a tsakiyar Tekun Indiya. Dukansu labarai ne na jirage masu tafiya da iska, wato waɗanda ake ɗaura wa manyan ƙyallaye a jikin dogon itace, iska ta cika su ta tura jirgi.

Yadda waɗannan mutane ke auna fim ya bambanta da na sauran 'yan kallo. Ba ruwansu da kyawun jarumi. Abin da suke dubawa shi ne ko an ƙulla igiya yadda ya kamata, ko ƙyallen ya karkata ta inda iska ke kaɗawa, ko kuma abin da matuƙi ya yi a tsakiyar guguwa abu ne da mai hankali zai yi. Sun ɗaukaka Master and Commander saboda ana jin kukan katako da igiya a cikinsa tamkar mutum yana cikin jirgin, kuma ɗaya daga cikin kyaututtukan Oscar biyu da ya ci ta tsara sauti ce. All Is Lost kuwa, duk da yabon da masu sharhi suka yi masa, matuƙa da dama sun yi ta lissafa kurakuran da dattijon ya tafka, waɗanda a ganinsu wanda ya san teku ba zai yi su ba.

Mutumin Augie ko na Argungu da ya duba wannan jeri ba zai ga ruwansa a ciki ba. Amma irin wannan hukunci, na masu jirgi a kan fim ɗin jirgi, an taɓa yanke shi a 1954 a bakin Kogin Kwara, kogin da gulbinmu ke malala a cikinsa. Masunta ne suka yanke shi, kuma har yau ana karantar da abin da ya biyo baya a makarantun koyon fim na duniya. Kafin mu je can, ya kamata mu fara da namu ruwan.

Gulbi da kayan tuƙinsa

Gulbin Rima yana haɗuwa da Gulbin Sakkwato a kusa da birnin Sakkwato, sannan ruwan ya gangaro ta Augie da Argungu da Birnin Kebbi, ya nufi kudu har ya faɗa Kwara. Ruwa ne mai kwana-kwana, mai ratsa faffaɗar fadama. Da damina yakan cika ya batse ya shafe hanyoyi, har tsakanin mutum da gonarsa ya zama sai da jirgi. Da rani kuwa yakan janye ya bar tafkuna da yashi. Irin wannan ruwa bai dace da jirgi mai ƙyalle ba, domin kafin iska ta tura ka zango guda gulbin ya karya kwana, ko kuma gindin jirgi ya kafe a yashi. Shi ya sa kayan aikin matuƙin Kabi suka kasance biyu: filafili, wato itacen tuƙi mai faffaɗan baki, da doguwar sanda wadda yake kafawa a ƙasan ruwa ya tura. Injin ya zo daga baya. Matuƙin teku iska yake karantawa, na gulbi kuwa ƙasan ruwa yake karantawa, ya gane tudu da rami daga launin ruwa da yadda yake murɗawa.

Wannan sana'a ta girmi duk wani jirgi da aka taɓa yi wa fim. A 1987 wani makiyayi da ke haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yau, ya ci karo da wani kwalekwale a binne. Da masana suka tono shi a 1994, aka tarar tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa kuma kimanin 8,000. Shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka gano a Afirka. A yammacinmu kuma, ƙarfin Daular Songhai ya dogara ƙwarai a kan jiragen masuntan da ake kira Sorko, har daular tana da sarauta ta musamman, Hi-koi, ta shugaban rundunar jirage. Wannan suna Sorko shi ne ya zama Sarkawa a bakin Hausawa, kuma ƙasar Kabi tana cikin wuraren da suka zauna suka rikiɗe zuwa masu jin Hausa.

Muhammadu Kanta, wanda ya balle daga Askiya Muhammadu a wajajen 1517 ya kafa daularsa a Surame, sarkin fadama ne kamar yadda yake sarkin tudu. Labarin baka na Kabawa yana cewa yana da wani ƙasaitaccen jirgi da aka lulluɓe da tagulla, wanda yake zaga ƙasarsa da shi idan ruwa ya cika. Bayan Birnin Kebbi ya faɗa hannun masu jihadi a 1805, Kabawa sun sake tattaruwa a garuruwan bakin fadama irin su Argungu da Augie, kuma ruwa da laka suna cikin abin da ya taimake su suka riƙe kansu tsakanin Sakkwato da Gwandu har zuwan Turawa.

Sai dai labarin kogin da ya isa kunnen duniya na baƙi ne. An san Mungo Park, wanda ya halaka a duwatsun Busa a 1806. An san Richard da John Lander, waɗanda suka gangara daga Busa cikin kwalekwale a 1830 har suka tabbatar wa Turai inda Kwara ke faɗawa teku. Waɗanda suka riƙe musu filafili kuwa ba a cika ambatonsu ba. Da fim ya zo, sai ya gaji wannan ɗabi'a. Sanders of the River na 1935 labari ne da aka ɗora a kan Nijeriya, cike da jiragen yaƙi da waƙar matuƙa, amma manufarsa yabon jami'in mulkin mallaka ce, har mawaƙin nan baƙar fata na Amurka, Paul Robeson, wanda ya fito a ciki, ya nesanta kansa da fim ɗin bayan ya ga yadda aka haɗa shi. A The African Queen na 1951, wanda aka ɗauka a Kongo da Yuganda, kogin Afirka fage ne kawai na soyayya da jarumtar Turawa biyu.

Tafiye-tafiye biyu a 1947

A ranar 28 ga Afrilu, 1947, wani ɗan ƙasar Norwe mai suna Thor Heyerdahl da abokansa biyar suka tashi daga tashar Callao ta ƙasar Peru a bisa gungumen itatuwa da aka ɗaure da igiya aka kafa wa ƙyalle. Sun kwana 101 a Tekun Fasifik, suka ci kimanin kilomita 6,900, kafin su dira a tsibirin Raroia. Suna ɗauke da 'yar ƙaramar kyamara, kuma hotunan da suka ɗauka su ne suka zama Kon-Tiki, fim ɗin da ya ci Oscar, wanda har gobe ba ya fita daga jerin masu jirage.

Wata guda kafin tashinsu, a Maris na 1947, waɗansu Faransawa uku sun isa teku a kudancin Nijeriya, bayan sun biyo Kwara tun daga mafarinsa a tsaunukan Gini, tafiyar da ta haura kilomita 4,000, mafi yawanta cikin kwalekwale. Su ne Jean Sauvy da Pierre Ponty da Jean Rouch. Shi Rouch ɗan gidan ruwa ne, domin mahaifinsa hafsan sojan ruwa ne da ya taɓa zuwa ƙarshen kudancin duniya a jirgin bincike. Ya fara zuwa Yamai a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi, a can kuma ya haɗu da wani saurayi ɗan gidan masunta, Damure Zika, wanda ya zama abokin aikinsa har ƙarshen rayuwa. Su ma waɗannan matafiya suna da kyamara, tsohuwa samfurin Bell & Howell da aka saya a kasuwar gwanjo ta Paris. Ana murɗa ta ne kamar agogo, ba ta wuce daƙiƙa ashirin da 'yan kai tana ɗauka sai an sake murɗawa, kuma ba ta ɗaukar sauti. A kan hanya mazauninta mai ƙafa uku ya salwanta, dole Rouch ya koyi ɗauka da hannu, abin da daga baya ya zama alamar aikinsa.

A yankin Ayoru, arewa maso yammacin Yamai, kusa da iyakar Mali ta yau, Rouch ya ɗauki hoton masunta suna farautar dorina da mashi daga cikin kwalekwale. Da ya koma Paris ya miƙa hotunan ga wani kamfanin labaran majigi. Kamfanin ya yanke ya haɗa yadda ya ga dama, ya ɗora kiɗa da sharhi mai zuzutawa, ya sa wa fim ɗin suna Au pays des mages noirs, wato A Ƙasar Baƙaƙen Matsafa. Babbar ɓarnar ita ce juya tsarin abubuwa. A al'adar masuntan ta wancan lokaci, kafin a fita farauta sai an yi wasan bori an nemi izinin aljanar ruwa, Harakoy Dikko. Kamfanin ya ɗauke wannan wasa daga farko ya kai shi ƙarshe domin ya tsuma 'yan kallo, sai neman izini ya koma kamar shagalin bayan kisa. Duk wanda ya san aikin zai ga an ɗora doki a bayan keke, amma a Paris babu wanda zai gane.

Wannan abu ya dami Rouch. Ya ci gaba da nazarin mutanen kogin, har a 1950 ya wallafa maƙala a mujallar Africa ta Landan a kan Sarkawa, masunta masu jin Hausa da ke hawa Kwara daga ɓangaren Nijeriya cikin manyan jirage, su yi su, su banda kifi, su gangaro da shi kasuwa. A 1951 kuma ya koma yankin Ayoru da Firgun da niyyar sake ɗaukar farautar dorina daga tushe, wannan karon tare da Roger Rosfelder mai naɗar sauti.

Daren Ayoru

Fim ɗin da ya fito daga wannan aiki, Bataille sur le grand fleuve, wato Yaƙi a Babban Kogi, bai fi rabin sa'a da 'yan mintoci ba, amma da a ce masu jiragen gulbi suna da nasu jerin, da shi zai zo a farko. Ya fara ne da shiri. An nuna yadda ake haɗa babban jirgin farauta, ana ɗinke katako da katako da igiya, da yadda ake ƙera mashi mai ƙugiya a ɗaura masa igiya da wani abu mai yawo a bisa ruwa, domin idan dabbar ta nutse a san inda ta nufa. An nuna neman izini a wurinsa, kafin fita. Sannan aka shiga ruwa, ƙananan jirage suna lallaɓawa cikin ciyawa ba motsi. Mafarautan sun kashe macen dorina, sun kama ɗan ƙarami da rai. Daga nan suka fuskanci wani tsohon namiji. Sun zuba masa mashi bayan mashi, shi kuwa ya juyo ya ragargaza babban jirgin, ya tsere da ƙarafa a jikinsa. Sun bi sawunsa har suka gaji, suka koma gida ba tare da shi ba. Rouch bai ƙago musu nasara ba, a nan ya rufe fim ɗin.

A 1954 ya yi abin da masu irin aikinsa ba su saba yi ba a zamanin: ya ɗauko fim ɗin da majigi da janareta ya kawo Ayoru, aka rataya farin zane, aka nuna wa mutanen da ke ciki. Kamar yadda ya sha ba da labari daga baya, da farko mutane sun yi tsuru, can sai suka fara gane fuskoki da garinsu, waɗansu kuma suka fashe da kuka da suka ga waɗanda suka riga mu gidan gaskiya suna motsi a jikin zane. An maimaita nunin fiye da sau ɗaya. Da ido ya saba, sai aka shiga gyara.

Sun ce ba a nuna dorina a cikin ruwa yadda ya ishe su ba. Babban ƙorafinsu kuwa a kan kiɗa ne. A wurin da ake bin dabbar, Rouch ya ɗora wani take na mafarauta, kiɗan gida ne ba na Turai ba, kuma yana alfahari da hakan. Masuntan suka tambaye shi yaushe ya taɓa jin kiɗa a farautar dorina. Ya kare kansa da cewa al'adar fim ce, ana sa kiɗa ne domin a nuna ƙarfin zuciyar mafarauta. Suka nuna masa cewa dorina tana da kunne, tana ji ko tana ƙarƙashin ruwa, kuma wanda ya kaɗa mata take ya kore ta ke nan. Farauta ce da ake yi cikin shiru. Rouch ya karɓi gyaran, ya cire kiɗan, kuma daga nan ya zama mai tsananin ƙyamar ɗora kiɗa a kan hoton da ba a yi kiɗan a wurinsa ba.

Abin da ya faru a wannan dare bai tsaya ga kiɗa ba. A cikin 'yan kallo akwai wani maharbin zaki, Tahiru Koro, wanda ya gayyaci Rouch ya zo ya ga tasu farautar ta kwari da baka. Wannan gayyata ita ta haifar da La Chasse au lion à l'arc, wanda ya ci kyauta a bikin finafinai na Venice a 1965. Damure Zika da masunci Illo Gaudel da makiyayi Lam Ibrahima Dia kuma suka ga cewa su ma za su iya tsara labari su taka shi da kansu, aka yi Jaguar, labarin samari masu tafiya cin rani Gwalkwas, wato Ghana ta yau. Rouch ya mayar da wannan hanya ƙa'idar aikinsa: a ɗauka, a dawo a nuna wa masu abin, a saurari gyaransu, a bar su su kawo shawarar fim na gaba. Ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a Fabrairun 2004, aka binne shi a Yamai. Damure ya bi shi a 2009.

Kowane ruwa da iliminsa

Akwai wani karo da gwanintar masu jiragen yankinmu ta shiga babban fim na teku, kuma Heyerdahl ɗin nan ne sila. A 1969 ya so ya gwada ko mutanen tsohuwar Masar za su iya ƙetare Tekun Atlantika da jirgin ciyawa. Da ya nemi waɗanda har lokacin suke ɗaure irin wannan jirgi, sai ya same su a Tafkin Chadi. Ya kai maginan Masar, aka kawo ciyawar daga Tafkin Tana na Habasha, suka ɗaure jirgin da aka sa wa suna Ra a kusa da dalar Giza. Ɗaya daga cikinsu, Abdullahi Jibrin, ya shiga cikin matuƙan da suka tashi da shi daga Safi ta Maroko.

Jirgin Tafkin Chadi goshinsa a ɗage yake, bayansa kuwa a yanke. Heyerdahl ya so baya mai lanƙwasa sama kamar yadda ya gani a zanen kaburburan Masar, aka ƙara shi. A tsakiyar teku wannan bayan ne ya fara saki yana nutsewa, har dole aka bar jirgin kafin a kai tsibirin Barbados. A 1970 aka sake ɗaure wani, Ra II, da hannun magina daga Tafkin Titicaca na Kudancin Amurka, shi ne ya ƙetare cikin kwana 57. Maginan Chadi sun san tafkinsu sarai, Heyerdahl ya san zanen Masar, amma igiyar ruwan Atlantika ba ta cikin ilimin kowannensu. Sanin ruwa na wuri ne, ba a ɗauke shi daga wannan ruwa a dasa a wancan.

Matan Fada ma shaida ce. Shirun da masuntan Ayoru suka nema ba ya aiki a Argungu, inda makaɗa ke cikin jirage suna kiɗa, ana kaɗa goruna, ana zuga masunta ana kuma rikita kifi. Wanda ya yi fim ɗin bikin Argungu ya cire kiɗa ya yi ƙarya daidai da wanda ya sa kiɗa a farautar dorina. Babu wata ƙa'ida guda da baƙo zai haddace ya zo da ita. Mai ruwan ne kaɗai zai faɗa maka wace ce tasa.

Abin da kyamara ke gani a Kabi

Ba a rasa kyamara a ƙasar Kabi ba. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake lissafa farkonsa daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama a 1934, yana cikin abubuwan da aka fi ɗauka a hoto a Arewa, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016. Kowa ya san hoton: dubban mutane a guje da homa da gora, su faɗa ruwa a lokaci guda, bayan kamar sa'a ɗaya a ɗora giwan ruwa a sikeli. Da bikin ya dawo a Maris na 2020 bayan kimanin shekara goma ba a yi ba, kifin da ya zo na ɗaya mai nauyin kilo 78 ne, kuma masunci ɗan ƙasar Augie ne ya fito da shi. Akwai kuma Kabanci, inda ake tseren jirage da ninƙaya da nutso da kamun agwagwar ruwa da su da hannu.

Amma wannan sa'a ɗaya ce a cikin shekara. Sauran kwanakin, jirgi abin hawa ne da abin neman abinci. Shi ke fito da manoma zuwa gonakin shinkafa a fadama, shi ke kai mata kasuwa, shi ke ɗaukar mara lafiya idan ambaliya ta yanke hanya, kamar yadda aka gani a daminar 2020 da ruwa ya cinye gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi. Aikin Sarkin Ruwa da Homa na kula da gulbi da tsara lokacin su, da hannun masassaƙin jirgi, da idon ɗan fito da ke gane mashigi cikin duhu, ba su cika shiga kyamara ba. Ruwan kansa ma ya sauya. Madatsar Bakolori ta 1978 da ta Goronyo da ta biyo bayanta sun canza lokacin cika da janyewar gulbi. Madatsar Kainji ta 1968 ta nutsar da tsohon garin Busa da duwatsun da suka ci Mungo Park, waɗanda su Rouch suka wuce ta wurinsu a 1947. Dattijon da ya san gulbi kafin madatsu yana ɗauke da taswirar da babu ita a takarda.

An taɓa yunƙurin kai tarihin Kabi majigi. Adamu Halilu, wanda ya yi Shaihu Umar a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya yi Kanta of Kebbi a 1978. Yau an fi gamuwa da sunansa a littattafan tarihin fim fiye da a allon kallo. Shaihu Umar ma ya daɗe ba a ganinsa, sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, aka gyara shi tare da masana na Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Wannan ya nuna cewa abin da aka ɗauka, ko ya ɓace, ana iya sa ran dawowarsa. Wanda ba a ɗauka ba kuwa yana tafiya ne tare da mai shi.

Lamarin kuma ya wuce na adana tarihi. A ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin katako da ya taso daga Jihar Neja zuwa Wara, cikin Ƙaramar Hukumar Ngaski, ɗauke da mutane fiye da 150, ya tarwatse a tsakiyar Kwara. Waɗanda aka ceto da rai kimanin 20 ne. Hukumomi sun danganta abin da lodi fiye da kima da kuma tsufan jirgin. A irin wannan rana ce kawai jiragen Kebbi ke shiga labaran duniya, in ban da ranar biki. Al'ummar da ba ta ganin matuƙanta sai a ranar shagali ko ranar makoki, da wuya ta tsaya ta tambayi yadda ake koyon tuƙi, da nawa jirgi zai iya ɗauka, da wa ke duba katakonsa, da dalilin da ya sa babu rigar ruwa a cikinsa. Masu jiragen Turai suna gardama a kan kurakuran Robert Redford ne domin sun san irin wannan kuskure rai yake ci.

Yau wayar da ke aljihun saurayi a Augie ta fi kyamarar Rouch nesa ba kusa ba: ba a murɗa ta, tana ɗaukar sauti, ba ta tsayawa bayan daƙiƙa ashirin. Abin da Rouch ya fi mu da shi haƙuri ne na zama watanni a bakin ruwa, da tawali'un dawowa ya zauna a gaban masu abin su yi masa gyara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda zai yi wannan aiki ya nemi ɗan fito guda ko masassaƙi guda tun yana da ƙarfin riƙe sanda, ya bi shi daga zuwan ruwan fari har zuwa fashin ruwa, ya ɗauki gyaran jirgi da lodi da ranar da ba a kama komai ba. Idan ya gama, kafin ya kai shi Kano ko ya ɗora a intanet, ya rataya farin zane a bakin mashigi bayan sallar isha'i, ya gayyato Sarkin Ruwa da masunta da 'yan fito su zauna a sahun gaba. Duk inda suka ce ba haka ake yi ba, ya koma ya gyara.